Ku bar tsohuwa ta gama magana: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya finafinan dokumentari

Zuwa ga daraktoci da furodusoshi da masu ɗaukar hoto da masu tace finafinan dokumentari, da kuma gidajen talabijin da gidauniyoyin da ke zuba musu kuɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na rubuto muku ne a kan finafinan da kuke yi wa mata masu yawan rai, waɗanda suka haye casa'in, suka taɓa ɗari, har da 'yan ƙalilan da suka zarce. Ina cikin masu kallon irin waɗannan finafinai, kuma ina cikin masu son a ƙara yawansu. Saboda haka ne ma nake roƙonku ku jingine wata tambaya da ta zame muku jiki, wadda kusan kowace hira da ita ake buɗewa: "Kaka, mene ne sirrin tsawon ranki?"

Tsohuwar da aka yi wa wannan tambaya ta sha jin ta. Ta san irin amsar da ake so, gajeriya, mai ɗan ban dariya, wadda za ta zauna daidai a kanun labari. Sai ta bayar, a yi dariya, a tafa mata, a naɗe kaya. Shekara ɗari na aure da haihuwa da binne 'ya'ya da neman abin kai wa baki, duk an dunƙule su sun koma shawarar abin da mutum zai ci da safe. Alhali ita kanta ba ta san sirrin ba, likitocin da suka ƙarar da rayuwarsu a kan binciken tsufa ma har yau ba su gama sani ba. Abin da ta sani, wanda babu mai shi sai ita, shi ne abin da idonta ya gani, kuma shi aka fi bari a ƙasa.

Ku ɗauki Emma Morano ta ƙasar Italiya. An haife ta ranar 29 ga Nuwamba 1899, ta rasu ranar 15 ga Afrilu 2017 tana da shekara 117, kuma ita ce ta ƙarshe cikin mutanen da aka tabbatar an haife su kafin 1900. Duk wanda ya taɓa jin sunanta, ƙwai zai fara tunawa: uku a rana, biyu ɗanyu. Wannan labari ya zaga duniya. To amma matar nan ta yi aure a 1926, auren da ta ce da barazana aka yi shi, ga miji mai duka. Ɗa ɗaya ta haifa, a 1937, ya koma yana wata shida. A 1938 ta rabu da mijin ta zauna ita kaɗai, a Italiyar zamanin mulkin kama-karyar Mussolini, ƙasar da dokar sakin aure ba ta zo mata ba sai 1970. Ta ci gaba da aiki a masana'antar algarara har 1954, daga nan ta koma girki a wata makarantar kwana, ba ta ajiye aiki ba sai da ta kai 75. An ba da wannan labarin shi ma, amma bai yi tafiyar da labarin ƙwai ya yi ba. Macen da ta yanke irin wannan shawara a wancan zamani, ina ta samo ƙarfin zuciya? Wa ya tsaya mata, wa ya juya mata baya? Me matan da suke aiki tare suka ce mata washegari? Fim ɗin da ya kamata a yi yana cikin waɗannan tambayoyi.

Haka Jeanne Calment ta garin Arles a Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164, mafi tsawon rai da aka taɓa tabbatarwa. An yi ta maimaita cewa tana yarinya ta ga mai zanen nan Van Gogh a kanti, an yi ta maganar cakulan da man zaitun da sigarinta. Ba kowa ya san 'yarta tilo ta rasu a 1934 ba, mijinta ya bi a 1942, jikan da ta rena da hannunta kuma ya mutu a haɗarin mota a 1963. Daga nan ta sake yin shekara 34 a duniya babu ɗa babu jika. Yadda mutum ke tashi kowace safiya cikin waɗannan shekaru 34, wannan ilimi ne da mai kallo ke buƙata fiye da sanin irin man da take zubawa a abinci.

Abin da ya sa na matsa a kan mata shi ne, su ne mafi yawa a wannan mataki na rayuwa, kuma su ne mafi ƙarancin abin da suka bari a rubuce. A Japan, kusan kashi 88 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara ɗari mata ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa masu shekara 80 zuwa sama za su tashi daga miliyan 143 a 2019 zuwa miliyan 426 a 2050, kuma mata ne za su rinjaya a ciki. A ɗaya gefen, UNESCO ta daɗe tana nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya mata ne, kuma abin ya fi tsanani a cikin tsofaffi. Tsoho namiji sau da yawa za ka tarar da sunansa a wani wuri: takardar sallama daga soja, rajistar ma'aikata, takardar fili, wasiƙar da ya aika gida. Ita kuwa aikinta bai bi ta ofis ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na awoyin aikin kula da gida da yara da marasa lafiya, wanda ba a biya, mata ne ke yin sa. Babu littafin da aka shigar da shi. In ba a ɗauki muryarta ba, ranar da ta tafi shi ke nan, an rasa yadda aka yi jinya kafin asibiti ya iso, yadda aka ciyar da gida a shekarar fari, yadda aka gudu da yara a lokacin yaƙi. Kyamararku, ga mata da yawa, ita ce takarda ta farko kuma ta ƙarshe.

Sai batun lamba. Na san abin da ke jan ku: "mace mafi tsufa a duniya" take ne mai sayar da kansa. Amma wadda za ta shiga jerin Guinness World Records sai tana da takardar haihuwa da wasu takardu da suka bi rayuwarta daga ƙuruciya har tsufa. Shi ya sa sunayen da ke saman jerin suka fi fitowa daga ƙasashe irin su Faransa da Japan da Amurka da Sifaniya da Italiya, inda rajistar haihuwa ta daɗe da kafuwa. Takardar ma ba ta hana kuskure. A 2010 hukumomin Japan suka bincika rajistar iyalai, suka tarar da sunayen mutum fiye da 230,000 da lissafi ya nuna sun haura ɗari amma ba a san inda suke ba, akasarinsu sun daɗe da mutuwa ba a goge ba. Miliyoyin tsofaffin mata kuwa ba su da takarda ko ɗaya. Da abin da ya faru suke lissafin shekarunsu: shekarar yunwa, shekarar annoba, shekarar da sojoji suka shigo gari. Daraktan da ya ɗora fim ɗinsa a kan lamba, ɗayan biyu zai yi. Ko ya tsallake waɗannan mata gaba ɗaya, ko ya ƙaƙaba wa ɗaya shekarun da ba zai iya karewa ba, ya rubuta 125 a ƙasan hoto, masu sani su gani su watsar da fim ɗin duka har da gaskiyar da ke cikinsa. Ku rubuta abin da ta faɗa da bakinta, cewa tana goyon ɗanta na fari aka yi kaza, mai kallo ya yi nasa lissafin. Kuma mace mai 86 da ke tuna sunan kowace maƙwabciya da ta yi zama da ita ba ta gaza mai 110 da komai ba a wurin mai neman labari.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato zaman hirar kansa.

Na taɓa zama a gefe ana ɗaukar wata tsohuwar ungozoma. Samari ne suka zo, da fitilu biyu da doguwar sandar makirufo. An zaunar da ita a kujerar da ba ta saba zama ba, saboda hasken wurin ya fi kyau. Fitilar na dukan idonta, ga yanar ido, sai ƙifta ido take tana kawar da kai. Mai tambaya na tsaye bayan kyamara inda ba ta ganin bakinsa, yana ɗaga murya. In ta yi shiru tana neman kalma, kafin ta samo sai ɗanta, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, ya karɓe: "Tana nufin ta karɓi haihuwa da yawa." Ita kuma ta gyaɗa kai, don ba za ta ƙaryata ɗanta a gaban baƙi ba. Ba a daɗe ba aka ce an samu abin da ake so, aka kashe fitila. Ana cikin naɗe wayoyi ta kama hannun wata jikarta da ke riƙe mata kofin ruwa, ta ɗora tafin yarinyar a kan cikinta, tana matsawa gefe da gefe, tana nuna mata inda ake jin taurin kan jariri, da inda ake jin santsin bayansa, da yadda ake gane ya kwanta a gicciye tun kafin naƙuda ta kankama. Muryarta ta fito sarai, babu inda-inda. Kyamara na cikin jaka.

Samarin ba mugaye ba ne, jadawali ne ya kore su. Amma kowane abu da ya lalace a ranar yana da magani mai sauƙi. Jin tsoho daga siraran sautuka yake fara raguwa, saboda haka ihu ba ya taimako, ƙara dagula kalmomin yake. A zauna kusa, daidai tsayin idonta, a yi magana a hankali da kaurin murya, hasken ya faɗo a fuskar mai tambaya don ta riƙa duban leɓensa. A bar ta inda ta saba zama, a yi aiki da hasken taga in zai yiwu. A maƙala mata ƙaramin makirufo a riga, don muryarta ba ta da ƙarfin cika ɗaki. A tambayi masu kula da ita lokacin da ta fi kuzari. Ga da yawa da hantsi ne, yamma kuwa gajiya da ruɗewa sun fi yawa. Mutum biyu sun isa, sauran su jira a waje. 'Ya'yanta kuma a roƙe su cikin ladabi, tun kafin a kunna komai, su bar ta ta nemo kalmarta da kanta ko da za ta yi minti guda shiru. Wannan shirun da kuke tsoro, a cikinsa take tafiya can baya ta ɗauko abin.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da tsoho ya fi tunawa dalla-dalla shi ne abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30. To ku nufi can. Kada ku tambaye ta yadda duniya ta canza, wannan tambaya ce da ke haifar da wa'azi, kowace tsohuwa kuma wa'azin iri ɗaya za ta yi. Ku tambaye ta ɗakin da ta kwana ranar da aka kai ta gidan miji, ta ina ƙofar take. Wa ya koya mata sana'arta, da me ya fara sa ta. Kuɗin farko da ta riƙe nata na kanta, me ta yi da su. Ku ba ta abin aikinta ta riƙe, in allura ce in almakashi ne, hannu na tuna abin da baki ya manta. In ta maimaita labarin da ta bayar jiya, kada ku katse ta, sau da yawa a zagaye na uku ne wani suna ko wata magana da ta ɓoye ke faɗowa. Tsohuwa kamar rijiya ce mai tsattsafowa a hankali, in ka kwashe na yau sai ka dawo gobe. Zama biyar na rabin awa ya fi zama ɗaya na awa uku.

Wanda ya yi tambayar ma yana canza amsar. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura marubuta suka tattara bayanan mutum fiye da 2,300 da aka haifa cikin bauta kafin a soke ta a 1865. Taska ce babba, tana nan a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Amma mafi yawan masu tambayar fararen fata ne, wasu ma 'yan yankin da aka bautar da tsofaffin, kuma masana tarihi sun nuna cewa waɗanda baƙaƙen fata suka yi hira da su sun fi fitowa fili da maganar bulala da yunwa da sayar da 'ya'ya. Tsoho na auna wanda ke gabansa kafin ya buɗe baki. Tsohuwa kuwa akwai abin da ba za ta taɓa faɗa wa saurayi sa'an jikanta ba: ɓari, wahalar haihuwa, dukan miji, fyaɗe. Ku sa mata a aikin, a kujerar tambaya da bayan kyamara, kuma wadda ke jin harshen tsohuwar irin na zamaninta, ba ta bakin tafinta ba. Ku kuma san cewa wani shirun ya fi mai tambayar shekaru. Kim Hak-sun ta Koriya ta Kudu sai ranar 14 ga Agusta 1991 ta fito bainar jama'a ta faɗi yadda aka tilasta mata zama a gidajen da sojojin Japan ke lalata da mata lokacin yaƙin duniya na biyu. Shekara 46 ke nan bayan ƙarewar yaƙin. Da ta yi magana, wasu matan suka biyo baya. Irin wannan magana ba ta fitowa don an zo da kyamara an ce yau ake so. In ta fito, amana ce. In ba ta fito ba, ba ku da hurumin tono ta don ku samu hawayen da zai ƙawata tallan fim.

Wannan ya kawo ni kan izini. Takardar amincewa da kuke miƙawa a ƙarshen ɗauka, wadda lauya ya rubuta don ya kare kamfani, a kama yatsan tsohuwa a dangwala, ba izini ba ce. Sa hannun ɗanta ma ba nata ba ne, matuƙar tana cikin hayyacinta. Kuma kada ku ɗauka duk wadda ta tsufa ta shiga gigin tsufa. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma mata sun fi yawa a ciki, amma rashin ji da jinkirin magana ba su ne ita ba. Wadda cutar ta kama kuwa, nauyin da ke kanku ya ninka: yardar iyalinta dole ce amma ba ta wadatar ba, in ta kawar da fuska ko ta ja mayafi ta rufe kanta, ta ce a'a ke nan, a kashe kyamara.

Wadda hankalinta ke garau ma, me ta fahimta da kuka ce za a sa ta a fim? Wataƙila abin da ta hango shi ne mutane sun taru wuri ɗaya sun kalla sau ɗaya an tashi. Ba ta hango intanet ba, inda za a yanko daƙiƙa ashirin na kukanta ko na wata ɓaramɓaramar da ta suɓuce mata, a sa a TikTok da Facebook, a liƙa masa kiɗa, baƙi su yi ta dariya ko sharhi shekara da shekaru. Ku nuna mata a waya yadda abin yake. Ku faɗa mata ƙarara cewa jikokinta da surukansu da maƙwabta za su gani, kuma in ya fita ba ya dawowa. Ku sake tambayarta a farkon kowane zama. Ta ambaci sunan mutumin da ya cuce ta, shi ya mutu amma 'ya'yansa na nan, ita kuma za ta tafi ta bar nata jikokin da rigimar. Ku zauna da ita ku tambaye ta ko a bar sunan ko a cire. Kafin fim ya fita, ku kai mata ta gani, da ƙarar da za ta ji, a allon da za ta iya gani, ta kuma san tana da ikon cewa a cire wuri kaza. Na san wasu daraktoci na ganin wannan tauye 'yancin mai fasaha ne. In shugaban ƙasa kuke bincika, ina tare da ku, kada ku nuna masa. Amma wannan baiwar Allah ba ta da lauya, ba ta da kakaki, ba ta da shekarun da za ta jira ta wanke sunanta.

A ɗakin tacewa kuma ku ji tsoron Allah. Na gaji da ganin kyamara ta manne wa tamojin fuska da jijiyoyin hannu da dasashi, ga kiɗa mai sa kuka a ƙasa, ga muryar mai sharhi ta hau kan tata tana faɗa mana abin da take nufi. Hoton wanka da canza tufafi da kwanciya a gado ba mayafi, in ba ita ta ce a ɗauka ba, ba shi da wurin zama. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ma kan aske mata kaifi: ta yi habaici, a rubuta magana mai laushi; ta yi fushi, a mayar da ita mai haƙuri. Tsofaffin mata ba duka ne masu sanyin hali ba. Akwai mafaɗata, akwai masu rowa, akwai waɗanda har yau ba su yafe ba kuma suna da dalili. Ku bar su yadda suke. Kuma ku ɗan juya kyamarar ga wadda ke ɗaga ta, ta wanke ta, ta kwana kusa da ita. Sau da yawa 'yarta ce, ita ma ta haye saba'in, ita ma tana da labari. Ranakun da kuka cinye musu kuma ku biya, yadda kuke biyan direba da mai riƙe fitila.

Ku kuma masu kuɗi, gidajen talabijin da gidauniyoyi da masu shirya bukukuwan baje kolin finafinai, laifin gaggawar nan rabinsa naku ne. Tsarin da kuka shimfiɗa ya juya abin kife: darakta na yin shekara biyu yana cike takardu da jiran zaman kwamiti, sannan ya yi awa biyu a gaban tsohuwar. Kamata ya yi a yi sauri a isa wurinta, in an isa a rage sauri. Wani darakta ɗan ƙasar Sin ya fara ɗaukar matan ƙasarsa da suka tsira daga irin abin da ya sami Kim Hak-sun. A 2012 su 32 aka sani da rai. Da ya koma a 2014 saura 22. Lokacin da fim ɗin ya shiga gidajen sinima a Agustan 2017, takwas suka rage. Masu nazarin yawan jama'a sun nuna cewa daga wajen shekara 110, kusan rabi ba sa ganin zagayowar shekara. Wadda take 95 ma ba a yi mata alkawarin zaman kwamitinku na gaba ba. Ku ware ƙaramin asusu na ɗauka kawai, wanda ake amsa buƙatarsa cikin makonni, ba tare da an nemi cikakken tsarin fim ko sunan tashar da za ta nuna ba. A fara ɗaukar muryar, maganar yadda fim zai kasance ta biyo baya. Kuma a cikin kasafin ku amince da kuɗin komawa sau da yawa, ku daina kallon ranar da aka je aka zauna ba a kunna kyamara ba a matsayin asara.

Saura ɗanyen abin da aka ɗauka. Fim na awa ɗaya kan fito ne daga awa talatin ko fiye, kuma abin da mai binciken tarihi ko jikanta zai nema nan da shekara hamsin galibi yana cikin wanda aka zubar. Yanzu ina yake ƙarewa? A wata ma'ajiyar kwamfuta cikin durowar mai tacewa, har ranar da za ta ƙi tashi ko a goge ta don sabon aiki. Akwai misalin da za a koya daga gare shi. Gidauniyar Shoah, wadda aka kafa a 1994, ta ɗauki bayanan kusan mutum 52,000 da suka ga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi, a ƙasashe 56 cikin harsuna 32. Ta ajiye hirarrakin cikakku ba yankewa, ta bi su ta yi musu fihirisa yadda za a iya nemo magana, ta kuma ba kowane mai ba da shaida kwafin tasa. Ba sai kuna da irin kuɗinsu ba. Kwafi uku a wurare dabam-dabam, ɗaya a jami'a ko gidan adana kayan tarihi da zai riƙa sabunta shi in na'urori sun canza. A rubuta hirar kalma da kalma cikin harshen da ta yi ta, kafin a fassara. A haɗa da sunanta yadda take so a kira ta, da ranar ɗauka, da sunan mai tambaya, da sharuɗɗan da ta gindaya, har da wanda ta ce kada a saki sai bayan ranta. Masu ba da kuɗi su sa wannan cikin yarjejeniya, kada a biya kason ƙarshe sai an nuna shaidar ajiya. Iyalinta kuma a kai musu cikakkiyar hirar, ba fim ɗin da aka tace kaɗai ba, a cikin abin da za su iya buɗewa da wayar da ke hannunsu, kuma a kai tun tana da rai.

Wassalam.

Daga mai bibiyar aikinku.